Amon Turmin Wofi

Zuwa ga jikata Sakinatu, uwar iyayi,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, muna nan lafiya, in ban da gwiwata da har yanzu ba ta yafe wa motar Mati ba.

Mun iso gida kafin magariba. Babanki, da ya rantse ba kallon wasa zai je Kano ba, 'yarsa kawai zai gano, tun daga Dawanau yake rera waƙarku ƙasa-ƙasa. In na waiwayo sai ya mai da ita tari.

Ni kam har yau ban gama fitowa daga ɗakin wasan nan naku ba. Da rana tsaka muka shiga, aka ja ƙofa, sai ga wata ya fito a jikin bango. 'Yan mata suka ja shuɗin ƙyalle ya zama kogi, har na ɗage ƙafa. Da kuka ɗauki waƙar saukar ruwa, wallahi ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na ji, wanda farin nan ya sa hancina ya kusa mantawa. Innarki ta ce barci na yi. Sharri ne, ido na rufe don in ƙara gani.

Sai kika fito da taɓarya. Kowa na tafi, ni kuwa na kasa kunne. Turmin nan ba komai a cikinsa, Sakinatu. Mai gero luƙus yake amsawa, naki ƙwal-ƙwal yake yi. Kin san a nan mace ba ta dakan wofi sai tukunya ta kwana a kife, tana so maƙwabta su zaci an ci. Na ce kin rame, kin ce karatu ne. Ashe a gaban jama'a kike faɗa mini, ni kaɗai na ji.

Ga ƙunshi nan a hannun Mati. Ragowar gero ne, ya tare mini ɗaki. Kada babanki ya ji.

Kakarki da ta fi ki kyau,
Hure

*

Rijiyar Zaki, Kano

Zuwa ga Kaka,

Ina gaishe ki da girmamawa, tare da Baba da Inna. Allah Ya ba gwiwa haƙuri.

Kaka, na yi dariya har abokan kwanana suka leƙo. Malamin wasa ne ya hana a zuba gero, wai dusa tana shaƙe masu waƙa. Abincin makaranta ba daɗi, amma ana ƙoshi.

Da na kwance ƙunshin sai dariyar ta tsaya. Tun yaushe ake barbaɗa wa ragowa toka? Irin shukarku ne, na cikin goran da kika rataye a ƙuryar ɗaki. Ga hadari ya soma haɗuwa a gabas. In na dama shi na sha, me za ku zuba a rami?

Malam ya sha tambayata inda na samo luguden da na yi a wasan. A wurinki na ji shi, hutun bara, kullum la'asar daga bayan danga. Na ɗauka nishaɗi ne, har ina bin ki da tafi. Sai da takardarki ta zo na gane abin da nake tafa wa.

Na mayar wa Mati ƙunshin, ko ƙwaya ban taɓa ba. Na haɗa da ɗan garin rogo. Shi ma tare mini ɗaki ya yi.

Jikarki mai biyayya,
Sakinatu

*

Sakinatu,

Gaisuwa. Yarinya da kunne kamar na zomo! Hutun bara sabuwar taɓarya nake gwadawa, ki bar shi a haka.

Ruwa ya sauka daren Talata, Laraba muka shuka. Babanki ya ce irin ya yi auki, na ce Kano ya je yawon buɗe ido, bai gane ba.

Ina tsaye a gona ƙamshin nan ya taso, na gaske, har na waiga ina jiran a tafa.

In gero ya nuna ki zo ki daka, ki ji yadda turmi ke amsawa. Ki taho da malamin naku, mu shaƙe shi da dusa.

Kakarki,
Hure