A Mayar da Tanko Walƙiya Shagonsa na Sabon Gari

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke wallafa mujallar zane ta Tanko Walƙiya, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ce Hajiya Rabi, wadda ke tsaya muku wajen buga mujallar a nan Guangzhou shekara tara ke nan. Na fito bainar jama'a ne saboda sau biyu ina rubuto wa ofishinku ba amsa.

Na farko, ciniki ya mutu. Da can rabin kwantena muke lodawa duk fitowa. Wannan karon kwali shida na ɗaure, na saƙala su cikin kayan wani mai takalma. Basinen da ke buga mana ya tambaye ni ko jarumin namu ba shi da lafiya ne. Dariya na yi, amma ranar ban iya cin abinci ba.

Na biyu, har jakunkunan makaranta masu hoton Tanko da ake ɗinkawa a garin Shiling da ke nan kusa sun daina tafiya. Alhaji Isuhu na Maraɗi, wanda ya fi kowa ɗibarsu, ya gaya mini a wurin baje kolin Pazhou cewa yaran garinsu ba su gane wannan sabon Tankon ba, shi kuwa ba ya sayen baƙo.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai, da hannuna a ciki. Ni na haɗa ku da masu zane na nan, na ce sun fi sauri da araha. A kan maganata kuka sallami Malam Sani, wanda ya ƙirƙiro Tanko a matsayin mai gyaran rediyo a Sabon Gari, da ƙarfinsa na lantarki da tsoron faɗan mahaifiyarsa. Masu zanen nan gwanaye ne, amma ba su taɓa ganin Kano ba. Suka rufe wa Tanko fuska, suka ɗora shi kan dogayen benayen gilashi, uwar ma suka manta da ita. Na ga samfurin farko, na ji wani iri, na yi shiru don kada a ce shawarata ta ɓaci.

Roƙona biyu ne. Ku tsayar da wannan jerin, ku faro labarin daga fitowa ta ɗaya, Tanko na zaune a shagonsa da sukundireba a hannu. Sannan ku je da ƙafarku wurin Malam Sani. An ce yanzu allunan shaguna yake rubutawa, hannunsa na nan yadda kuka sani. Idan ya ƙi sauraronku, ku ce masa Rabi ce ta jawo, kuma in na dawo gida da kaina zan zo in ba shi haƙuri.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya buɗa kasuwa, ya yafe mana baki ɗaya.

Wassalam.

Hajiya Rabi,
Guangzhou.