Man da Yayana ke sayar wa mijina ya narkar da tankin jirginsa

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin ki taimaka ki ɓoye sunana, don mu a Sabo in ka yi tari a ɗaki sai a yi maka sannu daga unguwar Mokola. Don Allah ku ba ni shawara, wani abu ne ya tsaya min a wuya, na kasa haɗiyewa na kasa tofarwa.

Ni matar aure ce a Sabon Ibadan, 'ya'yanmu huɗu, sana'ata bandar kifi a gida. Maigidana masunci ne ɗan gado daga Yawuri, a dam ɗin Asejire yake su, yakan yi kwanaki a can ya dawo da tarwaɗa da karfasa in banda in sayar. Ya daɗe yana fama da kwale-kwalen katako kafin Allah ya buɗa masa ya sayo jirgin faiba, irin mai jiki kamar roba mai tauri, na hannu daga Legas, mai inji a baya, tankin man ma a jikin jirgin yake, shi ma na faiba. Ranar da aka kawo jirgin nan, wallahi ko haihuwar ɗanmu na fari ban ga ya washe baki haka ba.

Sai kuma Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya kawo ni Ibadan, shi ya aurar da ni. Fetur yake sayarwa a jarka da kwalba a unguwar Ojoo, 'yan okada da masu keke su ne kwastomominsa. Tun da aka sayi jirgi ya ce bai yarda surukinsa ya je gidan mai yana roƙon a zuba masa a jarka ba alhali shi yana raye, har ragi yake yi masa. Maigidana kuwa kun san kunyar suruki, a gaban Yaya ko kan kujera ba ya zama, kuma duk kifin da ya fi girma a kamu na gidan Yaya ne. Ni ma daɗi nake ji, ina cewa naka sai naka.

Ba a jima ba inji ya fara tari. Yau ya tashi gobe ya ƙi, in ya tashi ma sai ya riƙa shaƙewa kamar mai mura. Akwai wani dattijon Bayarabe makaniki a Mokola, Baba muke ce masa, shi ke duba injin tun farko, mutumin kirki da ba ya raina abin da aka ba shi. Duk buɗewar da zai yi sai ya tarar da wani baƙin danƙo kamar kwalta ya toshe kafireta, tiyon mai ya yi laushi kamar taliyar da ta dahu ta wuce, ga ruwa kwance a ƙasan man. Ya wanke ya canza, a dawo masa da shi. A ƙarshe ya ce wa maigidana matsalar ba ta inji ba ce, man da yake zubawa ne ke da gauraye, ya canza wurin saye. Ai kuwa kamar ya zagi uwarsa. Maigidana ya ce mai daga hannun surukinsa yake fitowa, wanda ya ba shi mata ba zai ba shi guba ba, har ya zargi Baba da cire kayan inji masu kyau yana sa masa na jabu. Zumuncinsu ya watse a kan titi mutane na kallo, Baba bai ƙara cewa komai ba sai "Allah na nan, Alhaji."

Akwai wani abu da zan faɗa duk da ina jin nauyinsa. Masunta in za su juye mai daga jarka zuwa tanki, tiyo suke sawa su zuƙa da baki har man ya taho, sannan su tofar. Warin fetur a bakin maigidana ba baƙona ba ne, amma a 'yan watannin nan akwai wani wari daban a ƙarƙashinsa, mai ɗan zaƙi-zaƙi mai tayar da zuciya, irin wanda nake toshe hanci saboda shi in na wuce masu sayar da giyar ogogoro a bakin tasha. Har shaiɗan ya fara raya min ko ya faɗa shaye-shaye ne a bakin ruwa, mutumin da asuba ba ta taɓa wuce shi a jam'i ba. Ban tambaye shi ba, na dai bar abin a cikina yana cina.

Da damina ta kankama sai abin da ake gudu ya faru. Hadari ya taso yana tsakiyar dam shi kaɗai, ya ja inji ya ƙi, ya ja ya ja har igiya ta yanke masa hannu. Iska ta juya jirgin, ruwa na shiga, ga mai na tsiyaya daga jikin tanki yana bin ƙafafunsa. Allah ne ya kawo wasu masunta da suka hango shi suka jawo shi gaɓa. Ya dawo gida da zazzaɓi, in ya rufe ido sai ya firgita yana salati. Da aka fasa tankin aka tarar cikinsa ya narke, yana saɓulewa a hannu kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Duk da haka cewa ya yi jirgin ne tsoho, inji kuma Baba ne ya kashe shi. Yaya ya zo dubiya da lemo a leda, ya zauna a tabarmata yana cewa sai haƙuri, ƙaddara ce.

Satin da ya wuce aka yi suna a gidan Yaya a Ojoo. Na zaga baya zan yi alwala, na ga shuɗayen durori a jere na ɗauka ruwa ne, ina ɗaga murfi warin nan ya buge ni, shi ne dai wanda nake ji a bakin mijina. Na tsaya riƙe da murfin ina leƙa cikin duron. Matar Yaya ta same ni a haka, ta ce ai ba ruwa ba ne, itanol ne, wani sinadari dangin barasa, Yaya na sarowa da araha a wurin wasu masu kamfani yana haɗawa da fetur don ya yi auki, da irinsa ma masu ogogoro ke haɗa nasu. Tana faɗa tana gyara ɗaurin ɗankwali, kamar labarin farashin tumatir take ba ni. Washegari na bi ta Mokola na tambayi Baba ba tare da na kama suna ba, ya ce babur yakan ƙone man a rana ɗaya shi ya sa ba a saurin ganewa, amma jirgi man kwana yake a tanki, abin ya janyo ruwa daga iska ya kuma ci faiba da roba. Ban iya kallon idonsa ba.

Na koma na sami Yaya shi kaɗai, na durƙusa kamar yadda na saba na faɗa masa abin da na gani. Ko gezau bai yi ba. Ya ce har a ƙasashen Turawa haɗawa ake yi, kowa a harkar da dabararsa, kuma ai ba wanda ya mutu. Na ce to ko mijina kaɗai ya riƙa ware wa mai tsabta, ya yi dariya ya ce duk man da yake sayarwa a haɗe yake, yaushe zai tsaya tace na mutum ɗaya. Daga nan ya haɗe rai ya tuna min shi ya ci da ni ya tufatar da ni, in na buɗe baki maganar ta shiga Sabo kasuwarsa ta mutu, to in nemi wani yayan, ko gawarsa kada in zo kai. Ina fitowa na ga kwandon tarwaɗar da mijina ya saya ya aiko na suna, matar Yaya na soya ragowar, baƙin da ba su tafi ba na santi. Ban taɓa jin ƙyamar jinina ba sai ranar, kuma har yau in na tuna ni na riƙa yaba wannan ciniki sai in ji haushin kaina.

Yanzu ga inda nake. Maigidana ya warke, wani abokinsa ya ara masa jirgi irin nasa da inji, bayan sallar Juma'a zai koma ruwa. Jiya ya shigo da jarka biyu daga Ojoo yana ta sa wa Yaya albarka, wai wannan karon kyauta ya ba shi saboda jaje. Na yi tunanin in zubar a kwata in ce yara ne suka kifar, amma na san can zai koma ya karɓo wani. In na gaya masa gaskiya, mutum ne mai haƙuri amma in ya juya baya ba ya waiwaye, kuma sai ya je ya ba Baba haƙuri a bainar jama'a kamar yadda ya ci mutuncinsa a bainar jama'a, kafin magariba duk Sabo ta ji. Na san an ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ba ni da kowa a garin nan sai Yaya. To amma wancan uban 'ya'yana ne, kuma ba kullum ake samun masu hango mutum a tsakiyar ruwa ba.

'Yan uwa, in gaya masa kai tsaye ne, ko in nemi wani dattijo ya shiga tsakani, ko akwai hanyar da zan raba shi da man nan ba tare da na rasa ɗan uwana ba? Don Allah kada ku ce in yi ta addu'a kawai, ina yi. Jarkokin suna bayan ƙofa ina jin warinsu ina wannan rubutu, shi kuma yana tsakar gida yana wanke tiyon da zai sa a bakinsa.