Tankin da Muka Tsiyaye

Kabo, ranar Litinin

Zuwa ga aminina Badamasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya jikin? Yaya ƙunar hannun da ta wuyan? Allah ya sa kaffara ne, ya tashi kafaɗunka. Matata Zinnira da yara suna yi maka sannu.

Da na zo asibiti Kano ranar Asabar, na zauna a bakin gadonka ina ta zuba, kai kuwa bakina kawai kake kallo. Sai da matarka Naja'atu ta ce, "Zailani, ba fa ya jin ka." Ban san sanda na fita baranda ba. Likita ya ce ƙarar ce ta fasa maka dodon kunne, amma yana sa ran jin zai dawo, ko da na gefe guda ne. Shi ya sa na koma ga takarda.

Naja'atu ta ce ka rubuta mata cewa ba ka tuna komai, daga ɗaura tabarau na walda sai farkawa a gado. To ga abin da ya faru.

Ranar na sauke timatir daga Dugabau a kasuwar Gwarzo, na ji motata akori-kura tana wata irin ƙara a baya, na kawo maka ita gareji. Ka leƙa, ka ce ƙarfen ƙarƙashi da bodi ke zaune a kai ne ya tsage, dab da tankin mai. Ka ce a sauke tankin. Muka yi ta fama da notikan, tsatsa ta ci su, suka ƙi motsi. Sai muka zura tiyo muka tsiyaye fetur ɗin a jarka har ya daina ɗiga. Na ƙwanƙwasa tankin ya amsa kamar ganga, muka yi dariya. Ka tayar da janareta ka shige ƙarƙashi, ni kuma na ɗauki jarkar na tsallaka titi da ita don ta yi nesa da wuta.

Ban kai ga ajiye ta ba. Badamasi, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Da na waiwaya, bayan motar ya ɗaga sama ya dawo ƙasa, wuta ta lulluɓe ta. Ƙafafunka kawai nake hange. Ni da mai facin tayar da ke kusa da garejinka muka ja ka, rigarka tana ci, muka birkita ka a ƙasa. Har yau in mace ta yar da murfin tukunya sai na zabura.

Bari in tsaya haka. Allah ya ƙara sauƙi.

Naka,
Zailani

Kabo, ranar Alhamis

Aminina Badamasi,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi da sauƙi. Yaya Naja'atu da ɗawainiya? Allah ya saka mata da alheri.

Na ga takardar da ka bayar a kawo min. Ka ce me ya kawo ɗan sanda bakin gadonka, kuma don me kowa yake kawar da kai in ka dube shi. 'Yan uwanka sun ce a ɓoye maka sai an sallame ka. Amma ka haɗa ni da Allah, kuma tun muna yara ban taɓa yi maka ƙarya ba.

Akwai mutum na uku a wurin.

Ba ka san Malam Sajo ba. Dattijo ne daga wata ruga a Dugabau, dogo, mai farin gemu. Duk ranar kasuwa ni nake ɗauko shi, a gaba yake zama. Ranar ya sauka ya ce zai sayi maganin shanu, in ya gama zai neme ni. Na ce masa ya same ni a garejinka. Ashe ya gama da wuri, ya zo ta baya muna ta kokawa da tiyo, bai so ya katse mana aiki ba. Ya shimfiɗa buzunsa a inuwar motar, ta ɗaya gefen, ya jingina da taya. Da ni da kai babu wanda ya zagaya ya duba.

Muna kashe wutar jikinka aka yi ihu ta can ɓangaren. Mota ɗaya ta kai ku asibiti, kana kwance kusa da shi ba ka sani ba. Ya kwana, washegari da hantsi ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wani ma'aikacin kwana-kwana da ya zo duba wurin ya tambaye ni ko akwai mai a tankin. Na ce wallahi ko ɗigo babu, da hannuna na tsiyaye. Ya ce ai tankin da aka tsiyaye bai fi cikakke aminci ba, don tururin fetur ne ke cika shi, shi ne kuma ke fashewa in ya ji zafi ko tartsatsi. Ya ce sai dai a cire shi gaba ɗaya a kai shi nesa. Shekara nawa ina tuƙi, shekara nawa kana walda, muna ganin ana tsiyayewa a ci gaba da aiki?

Kada ka ɗora wa kanka kai kaɗai. Motata ce, fasinjana ne, ni na ce ya same ni a can. Na je na yi bayani a ofishin 'yan sanda, na faɗa musu haka.

Don Allah ka ci abinci.

Amininka,
Zailani

Kabo, ranar Talata

Badamasi,

Sallama da gaisuwa, da fatan sauƙi yana samuwa. An ce tun da ka karanta wasiƙata ka juya fuska ga bango, ko magani sai an yi da gaske. Na yi ta tunanin ko na yi kuskure, sai ga abin da ya faru jiya.

Ina zaune a zaure aka yi sallama. Badaruddeen ne, babban ɗan marigayin. Na je musu gaisuwa a ruga amma ban iya haɗa ido da shi ba, sai ga shi a ƙofar gidana. Na ce yau ko me ya faɗa min na cancanta.

Muka gaisa. Sannan ya ce shi ne ya kwana da mahaifinsa a asibiti. Ya ce tsohon bai yi magana da yawa ba, amma duk sanda ya farfaɗo tambayarsa ɗaya ce: "Wanda ke ƙarƙashin motar fa, an fito da shi?" Ana ce masa an fito da shi, sai ya ce alhamdu lillahi ya lumshe ido.

Ya ce sun je sun shaida wa hukuma ba sa neman komai a kanmu. Mahaifiyarsa Hajjo kuma ta ce ba za ta samu natsuwa ba sai wani nasu ya gan ka da idonsa, ya koma ya gaya mata yadda kake, tunda kai ne tsohon ya tafi yana tambaya.

Na ce masa ba ka ji. Ya ce ba komai, shi ma ba magana ya zo da ita ba.

Za mu shigo motar haya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Dogo ne kamar ubansa, tare da ni za ka gan shi. Ina roƙonka, in mun shigo ka juyo, ka ba shi hannun da bai ƙone ba.

Ka gaida Naja'atu. Allah ya jiƙan Malam Sajo, ya ba ka lafiya.

Naka har kullum,
Zailani