Jan Biron Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara, da kuma ciwon bayan nan naka da kake ɓoye mana kamar ba mu da labari. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Baba yana cin abinci, yana samun barci, jininsa ma ya sauka. Mantuwar ce dai tana nan inda ka bar ta, ko ma in ce ta ƙara gaba kaɗan.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Idan na kira ka a waya, kafin in gama gaisuwa ka ce ana jiranka a wurin aiki. Ga Baba kuma a falo, kunnensa ras, duk abin da na faɗa sai ya ji, ko da ba zai riƙe ba. Maganar da nake tafe da ita ba ta tsaye ba ce.

Yaya, ina so in buɗe bulog, wato shafina na kaina a intanet, inda zan riƙa rubuta yadda ake zama da mai ciwon mantuwa. Na san ka riga ka ɗaure fuska, to ka saurara tukuna.

Ranar da na kai Baba ganin likita, na zauna a benci kusa da wata mata da ta kawo mahaifiyarta. Ta ɗaure hannun tsohuwar da nata da ɗankwali don kada ta sulale. Muna hira ta ce mini danginsu sun ce hauka ne, shi ya sa take kulle ta a ɗaki idan za ta kasuwa. Sai na fara gaya mata 'yan abubuwan da na koya da wahala: yadda na lulluɓe madubin ɗakin Baba da zane, saboda yana yi wa mutumin ciki sallama, ya fusata don ba a amsa ba, yadda na daina ce masa Mama ta rasu, tunda kowane faɗi sabuwar mutuwa ce a wurinsa. Matar nan ta fashe da kuka a gaban mutane. Ta tambaye ni a ina na karanta. Na ce babu inda na karanta, kuma ban san inda aka rubuta shi da harshenmu ba. Tun daga ranar abin yake cina.

Har na rubuta na farko, ga kwafinsa nan na haɗo maka. Labarin ranar da Baba ya ɓace ne. Rabinsa kawai na gaya maka a lokacin. Na ce an same shi a ƙofar tsohuwar maɗaba'ar da ya yi aikin edita, sanye da rigarsa mai kyau, yana jiran a buɗe, alhali wurin ya koma shagon sayar da tayoyi. Abin da ban gaya maka ba shi ne wandonsa a jiƙe yake, kuma masu shagon sun ba shi kwali ya zauna don kada ya ɓata musu benci. Duk na rubuta, ban rage komai ba. Ina kuma da hotonsa a bakin taga da nake so in sa a sama.

Ka karanta ka gaya mini ra'ayinka. Ka gaishe da Anti, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Amsarka ta iso, kuma na gode, ko da yake sai da na ajiye ta na sha ruwa kafin in iya ƙarasa ta.

Na nemi ra'ayi, ka aiko mini da jarrabawa. Su wa nake rubuta wa? Na san cewa abin da ya hau intanet ba ya sauka ko na goge? Na shirya wa bakin mutane, masu cewa na tona asirin ubana don a yaba mini? Zan iya ɗorewa, ko bayan rubutu biyu zan watsar kamar yadda na watsar da koyon ɗinki? Wannan na ƙarshen bai kamata ka sako shi ba, Yaya. Ɗinki ban watsar ba, Baba ne ya fara fita ba takalmi, na rufe keken na dawo gida.

Da farko raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, abu ne mai sauƙi mutum ya kare mutuncin wando daga nesa, tunda ba shi yake wankewa ba. Na faɗa maka ne don ka san na yi tunanin, ba don in ɓata maka ba.

Da na huce na ga wasu tambayoyin naka suna kan hanya. Hoton na cire. Sunan Baba ma ba zan sa ba, ni ma ba zan sa nawa ba. Amma ka yi gaskiya da ka ce cire suna ba ya ɓoye mutum. Tsohon edita guda nawa ne a garin nan da ya tsaya a ƙofar shagon taya? Duk wanda ya taɓa kawo masa rubutu zai gane shi tun a layin farko. Maganar bakin mutane kuwa ba ta dame ni ba. Wanda ya ga zai iya, ya zo ya karɓe ni na yini ɗaya, sannan ya yi sharhi.

Tambayarka ɗaya ce ta tsaya mini a wuya: Baba ya yarda?

Na tambaye shi. Na zauna kusa da shi bayan ya sha shayi, lokacin da kansa ya fi zama daidai, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya yi murna, ya ce rubutu ai alheri ne, in rubuta. Na ji daɗi har na fara rubuto maka cewa magana ta ƙare. Washegari na ce bari in sake tambaya don in tabbatar. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi lafiyarsa ƙalau, wa ya ce yana mantuwa, kuma ba ya son a riƙa yawo da shi a bakin duniya. Da yamma na sake gwadawa, ya ce to madalla, amma in kai wa mai injin buga takardu kafin a tashi daga aiki. Ya ɗauke ni sakatariyarsa ce.

To wanne ne amsar Baba? Idan na ɗauki ta farko, na zaɓi wadda ta yi mini daɗi ne kawai. Na san haka, kuma sanin bai hana ni son in ɗauke ta ba.

Bari in gaya maka gaskiya, tunda takarda ba ta katse mutum. Ba don matar asibiti kaɗai nake son shafin nan ba. Ina so wani ya sani. Yini nake yi a gidan nan ba wanda ya kira ni da sunana. Mutumin da ya koya mini riƙe biro yana tambayata ko ni 'yar wace ce, ni kuma in yi murmushi in ce 'yar gida ce. Na gaji, Yaya, kuma gajiyar da ba mai gani ta fi nauyi a jikina.

Ban sa komai a intanet ba tukuna. Ka yi mini addu'a. A gaida mutan gida.

Auta

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na ji shiru daga wajenka, na san wasiƙata ta baya ta yi zafi. Ka yi haƙuri. Wani abu ya faru da nake so ka ji daga bakina.

Da na rasa yadda zan yi da amsoshin Baba, sai wata dabara ta zo mini. Ka tuna yadda yake aiki a teburin falo muna yara, da jan biro da rula, yana sa rular a ƙarƙashin kowane layi yana saukowa da ita a hankali, mu kuma an hana mu ko tari? Na je na buga rubutun nan a takarda, na ajiye masa a kan teburin, na ce an kawo aiki. Ban ce nawa ba ne, ban ce labarinsa ba ne.

Yaya, da ka ga yadda ya gyara zama. Mutumin da sai na lallashe shi yake ɗaga cokali, shi ne ya miƙe baya, ya sa tabarau, ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. Na gane biro yake nema. Na ɗauko masa ja, na ɗauko rula a cikin kayan ɗinkina.

Bai gane kansa ba ko kaɗan. Ya karanta maganar madubi, wadda ita ma na sa a ciki, ya gyaɗa kai. Ya karanta maganar rigar mai kyau da tsayuwa a ƙofar maɗaba'a, ya ce, "Allah sarki, bawan Allah." Ina tsaye a bayansa kamar ni ce za a yi wa hukunci. Da rular ta sauko kan maganar wando da kwali, sai ta tsaya. Ya daɗe a wurin. Sannan ya ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya soke sakin layin gaba ɗaya.

Ya tambaye ni wa ya rubuta. Na ce 'yar mutumin ce. Ya ce, "Ta iya rubutu, ba laifi. Amma wannan wurin ba nata ba ne, na tsohon ne. Da yana da bakin da zai bayar, sai ya bayar da kansa. Tunda ba shi da shi, a rufa masa."

Ya ci gaba har ƙarshe, ya juya takardar ya duba bayanta kamar yana neman saura. Sai ya ce, "To ita tana ina? Na karanta duka ban gan ta ba, sai hannunta kawai yana wanki. Ki ce mata abin da yake nata shi za ta rubuta. Shi ne ba wanda zai rubuta mata." Ya ɗora rular a kan takardar ya ce a bar shi ya kwana, kamar yadda yake cewa da, wai rubutun da bai kwana ba ba a kai shi inji.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji ni. Da na fito ya riga ya manta da aikin, yana tambaya ko Mama ta dawo daga unguwa. Na ce tana hanya.

Sau uku na tambayi Baba mai ciwo, ya ba ni amsa uku. Sau ɗaya na tambayi edita, kuma ina ganin amsarsa ce ta Baba na gaskiya, domin ya yanke ta ne ba don kansa ba, don wani tsoho da bai sani ba. Abin da ya nema wa baƙo, ba zan hana shi ba. Na goge wurin a kwamfuta. Takardar da ya soke kuwa na adana ta, ba ta intanet ba ce, tamu ce ni da kai.

Ka gaishe da kowa.

Auta

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Saƙonka ya iso, na kuma ga wurin da ka ce ka kasa ƙarasa karatu a ofis. Ba komai, ni ma haka na yi.

Shafin ya kusa buɗewa. Na zauna na amsa tambayoyinka ɗaya bayan ɗaya, ka ga jarrabawar taka ba ta tafi a banza ba. Ina rubuta wa masu jinya ne irina, musamman matar nan mai ɗankwali, ko Allah zai sa wani ya nuna mata. Ba zan yi alkawarin rubutu kullum ba, sai lokacin da Baba ya bar ni. Dabarun madubi da makamantansu za su shiga, domin ba sa tozarta kowa. Duk abin da Baba ba zai so a gani ba a lokacin da yake da lafiya, ba zai shiga ba. Kowane rubutu kuma sai ya kwana.

Na sake rubuta na farkon daga tushe. Yanzu labarin wata mata ne da take buɗe famfo don ta yi kuka, wadda wani lokaci take jin haushin mahaifinta, sannan ta ji haushin kanta don ta ji haushinsa. Ya fi wancan wuyar rubutawa nesa ba kusa ba. Ashe tona na wani ya fi sauƙi.

Ga kwafi nan. Akwai layi biyu da suka shafe ka, inda na ce ina da wa a nesa. Ba zan sa su ba sai ka yarda, kai kam kana da bakin da za ka bayar ko ka hana. In ba ka so, ka soke, ba zan ji haushi ba.

Jiya na kai wa edita sabon. Ya sa rula ya bi shi har ƙasa, bai soke ko layi ɗaya ba. Da ya gama ya cire tabarau, ya riƙe shi a hannu. Sannan ya ɗago ya dube ni, irin duban da yake yi wa baƙuwar da ya ga tana da kirki, ya ce, "Yarinyar nan tana bukatar hutu. Wan nata da ta ambata, ba ya zuwa ne?"

Amsar tana wajenka, Yaya. Na bar maka.

Ɗakinka yana nan a share. Ka gaishe da Anti da yara, Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Auta