Ruwan Malam Baƙo

14 ga Agusta, 2001

Zuwa ga Yaya Datti,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Raliya da yara, kuma aikin Jos yana tafiya daidai.

Ɗakin Inna ya faɗi a ruwan Talatar da ta wuce. Ba ta ji ciwo ba, tana zaure lokacin. Ƙanwarmu Bilki ta tafi da ita Getso. Gidaje bakwai ne suka rushe a layinmu.

Gara ka ji dalilin daga bakina. Ka san kududdufin bayan gidanmu, inda ake ɗiban ƙasar gini. Bara ofishinmu na ayyuka ya cike shi, aka bi da sabon titi ta kansa. Ni na yi awon. Na rubuta kwalbati uku, aka ce ana tsuke bakin aljihu, a yi ɗaya. Inna ta gaya mini ramin nan shi ke shanye ruwan unguwa uku. Na san gaskiyarta, amma na sa hannu.

A makon da aka rage kwalbatin ne aka kira ni aka ce, tunda an ƙaddamar da Shari'a ana sauya wa tituna suna zuwa na malamai, Layin Kududdufi zai koma Titin Malam Baƙo. Sunan mahaifinmu a kan allo, Yaya. Ban ƙara tayar da maganar kwalbati ba.

Kwamitin da aka kafa kan rushewar gidajen yana jiran rahotona.

Ƙaninka,
Badamasi

29 ga Agusta, 2001

Yaya Datti,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarka ta iso. Ka ce in rubuta cewa ruwan bana ya fi ƙarfin kowa. Na duba ma'aunin ruwan gandun gwajin noma: na bara, kafin a cike ramin, ya fi shi.

Na je Getso ranar Juma'a. Inna ba ta tambayi ɗakinta ba. Ashe ta ji abin da nake ɓoye mata. A unguwa yanzu, da hadari ya haɗo sai mata su ce a kwashe tabarmi, ruwan Malam Baƙo na tafe. Ba da mugunta suke faɗa ba, sunan titin ne ya bi ruwan. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyar da 'ya'yansu.

Abu ɗaya ta ce: "Ka cire shi daga bakinsu."

Na miƙa rahoton jiya. Na rubuta a fasa titin, a buɗe ramin, a mayar da tsohon suna. Na kuma rubuta wanda ya sa hannu. Shugaban sashenmu ya karanta sau biyu, ya tambaye ni ko ina da gona.

Ka gaida Raliya da yara, ka sa mu a addu'a. Masinja ya ce ya ga takardar dakatar da ni a kan tebur. Ba a kawo mini ba tukuna.

Naka,
Badamasi