Abin da na binne bayan rumfa

Zuwa ga ƙanwata Marka, Kebbe.

Bayan gaisuwa, ya Inna da yara? Ni lafiya lau, albasa na tafiya.

Maɓallin auna sukari da likita ya manna mini a dantse, mai aika lamba ga wayata, na naɗe shi da fata awa kambu, kar kasuwa ta san ciwona. Zufa ta dafa wurin, har da mugunya. Ba komi.

Ran Talata na ɓanɓare shi na binne, tunda jinina na jikinai. Abin da nika tsoro, Marka, wayar ba ta bar nuna lamba ba. Ɗazu ta ce sukari ya hau. Na wa?

Ki ce ma Malam Dawuda na masallacinmu shi sa ni cikin addu'a. Kar Inna ta ji.

Yayanki Jumare, Fatakwal.