Abin da Ramatu Ta Tafi da Shi Yamai

Dogon Dutsi, 9 ga Oktoba, 1957

Zuwa ga yayana Issa, a Zangon Kumasi.

Sallama da gaisuwa ta girmamawa daga ƙanenka, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Shatu da yara. Allah ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan da ka ambata, ya sa wa cinikin goro albarka. Mu nan lafiya muke, sai godiyar Allah. Ruwa ya ɗauke da wuri a wajen Matankari, amma gero ya riga ya nuna, an shiga girbi. Wake ne dai bai yi abin kirki ba. Matata Kubra ta yi fama da zazzaɓi kwana biyar, yanzu ta miƙe har ta koma faɗan da ta saba yi mini. Ni kuwa ina nan bisa keken ɗinki, ido ya fara gajiya da zare.

Bayan haka, takardarka ta iso ta hannun Maikano direba, na kuma ga tambayarka a kan ɗiyarka Ramatu: ko a bar ta ta yi shekara ta biyu a lakkwal, wato makarantar nan ta Yamai, ko a maido ta gida. Ka ce tunda a hannuna ta girma, ni zan fi sanin abin da ya dace. Ta koma ranar Juma'ar da ta wuce, amma kalma ɗaya daga bakinka za ta dawo da ita. To Yaya, hankalina bai kwanta da wannan karatu ba. Mun tura ta ne da zaton aikin likita za ta koyo, ta dawo tana yi wa mutane allura. Da ta zo hutu na tambaye ta abin da ake koya musu, sai ta ce sauraro. Na ce sauraron me? Ta ce na mutumin da damuwa ta yi wa yawa. Wai kada a katse shi, kada a ce masa ya yi laifi, kada a yi saurin gaya masa abin da zai yi, a dinga maimaita masa maganarsa har ya ji ta da kunnensa, sannan abin da ya faɗa ya tsaya nan. Na ce mata shawarar da ba a gaya wa mutum abin da zai yi, ina amfaninta? Ta yi murmushi ta tambaye ni yaya nake ganin ya kamata a yi. Ka ji fa, ni na yi tambaya, ni aka mayar wa da ita.

Kai ma ka san ƙasar nan. Tun muna yara, in ka ga mutum yana zama kusa da jama'a, yana jin kowa, shi ba ya cewa komai, ka san inda yake kai maganar: ofishin kumandan, Baturen mulki. Yanzu kuma ga Nasara sun buɗe lakkwal takanas suna koya wa 'ya'yanmu wannan hali. Ta ce mini a aji sukan zauna biyu-biyu, ɗaya ta yi kamar mijinta ya gudu ko ɗanta ya mutu, ɗayar ta saurare ta, madam ɗinsu, wato malamarsu, tana gefe tana gyara musu zama da kallo. Wato har kukan ƙarya ake koya musu. Ta kuma ce in sun fara aiki za su riƙa kai wa madam labarin da ya fi ƙarfinsu, amma ba tare da suna ba. Na yi dariya. A nan yankinmu na Arewa wa ke bukatar suna? Ka ce wani tela mai ɗingishi a bakin kasuwa, ko jaririn goye ya san ni ne. Da na matsa mata ko akwai lokacin da ake fasa riƙon asirin, ta ce sai in ran wani yana cikin haɗari. Na ce wa zai auna haɗarin, ke ko su? Nan ta ce ita ma tana kan koyo ne, ba ta gama sani ba.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne yadda matan unguwa suka gano ta. Asiya matar maƙeri, wadda ko gaisuwa ba ta amsawa da kyau, sau uku tana zuwa da hantsi su zauna ƙarƙashin darbejiya, ta tashi ido jajur. Na tambayi Ramatu me ke damun matar, don mijinta abokina ne, in da gyara in gyara. Yarinyar da na yi wa ɗinkin rigar lakkwal ta farko ta sunkuyar da kai, ta ce in yi haƙuri, maganar ba tata ba ce balle ta ba ni. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, abin da aka hana uba ji, wa aka ajiye wa?

Sai na yi niyyar gwada ta. Wata Laraba da la'asar tana taya ni sa maɓallai, na rage murya na ce mata na shigo da turamen atamfa shida daga ƙasar Ingilishi ta ƙetaren iyaka ba tare da 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito sun gani ba, suna ƙarƙashin rumbun wani abokina a Kore Mairuwa. Ƙarya ce tsagwaronta, ko ƙyalle babu. Na zauna ina jira in ga ko gardin kumandan za su je su tone rumbun. Kwana goma sha biyu ina aika tambaya da duk motar da ta fito daga can, ba wanda ya je. Amma wannan bai wanke ta a wurina ba, don wataƙila atamfa shida ta yi musu kaɗan, babban abu suke jira.

Laifina shi ne da na koma. Na ce bari in ƙara mata wata ƙaryar da ta fi wannan nauyi, sai na fara da zancen gida, da yadda noma da ɗinki suka haɗu mini a shekarun da ka tafi. Tun da farko ta ce mini an hana su yin wannan aiki a kan danginsu, ita a matsayin ɗiya take zaune, ba ma'aikaciya ba. Na ce na ji. Ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ajiye allurar ta juyo. Da na yi shiru ita ma ta yi shiru, ba ta cike mini wurin da magana ba kamar yadda kowa ke yi. Can ta ce, ashe Baba ka gaji sosai a lokacin, ba kuma wanda ya tambaye ka. Yaya, ban san lokacin da ƙaryar ta ɓace mini ba. Na tsinci kaina ina faɗa wa ɗiyar cikinmu abin da shekara tara ban faɗa wa ko Kubra ba. Da na gama ba ta zarge ni ba, ba ta kuma ce ba komai ba. Ta tambaye ni me nake so in yi da maganar, na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Tun daga ranar ban sami natsuwa ba. Ga ta can Yamai da maganata a cikinta, ga madam, ga gidan waya kusa da su, ga ka ubanta. Ban yarda za ta iya riƙewa ba, kuma ba na son ka ji a bakin kowa, don haka ji daga gare ni. Takardar da na rubuta maka lokacin rasuwar Inna, wadda na ce ta cika farat ɗaya ba ta yi jinya ba, ƙarya na yi maka. Wata guda da kwana huɗu ta yi a kwance. Kullum sai ta kira sunanka, ta tambaye ni ko na aika, in ce na aika, kana hanya. Ban aika ba. Sau biyu motar Maikano tana tashi zuwa wajenku a cikin kwanakin nan, ina tsaye ina kallonta. Haushinka nake ji, ka tafi ka bar mini gona da tsohuwa, na ce ba za ka zo a ƙarshe ka karɓi albarkar da ni na yi wa wahala ba. Da na aika da ka iske ta da rai. Har ta cika tana ce wa masu shigowa su duba mata hanya.

Ba na neman ka yafe mini a takarda. Abu ɗaya nake roƙo: ka gaya mini gaskiya ko Ramatu ta riga ni kai maka wannan magana. In ta rubuta maka, ko ta yi maka shaguɓe da wata kalma, to zatona ya tabbata, ka maido ta gida tun ba ta zama kunnen wasu ba. In kuwa yau ka fara jin wannan magana, to ba ni da hujjar da zan ce a cire ta, ka bar ta ta ƙare karatunta. Ko a haka ba zan ce na amince da aikin ba, don har yanzu ban gane abin da ta yi mini ba, ita da ba ta faɗi kalma ashirin ba.

Ka gaida Shatu da kyau, da Garba da Hawwa'u da autarku, da duk mutanen Arewa da ke Zango. Kubra tana gaishe ku, ba ta san abin da ke cikin wannan takarda ba. Zan riƙa zuwa tasha duk ranar da Maikano zai iso, ko da amsar da zai kawo mini ita ce ba ka ba shi komai ba.

Ni ne ƙanenka, in har ka bar mini sunan,
Ɗanjuma Tela